Farin Gari a Gurasar Juma'a

Sheshe, Kano
Asabar, 4 ga Mayu

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya zafin Haɗeja, yaya kuma gwiwar nan? Ina fata Yaya Lawal yana tsayawa a kanki har ki haɗiye maganin, don na san halinki, sai ki ce kin sha alhali yana ƙarƙashin matashi. Mu nan lafiya lau. Safiya da babanta suna gaishe ki.

Inna, da kunnenki bai yi nauyi ba, da waya zan kira ki, in faɗi maganar nan a guje in kashe. To ga shi dole in zauna in rubuta ta dalla-dalla. Don Allah ki sa tabarau ki karanta da kanki, kada ki ba kowa.

Na yi miki laifi, kuma wata biyar ke nan ina ɓoye shi. Na taɓa gurasarki. Ranar da kika bar mini tanderu, abu huɗu kika ce su ke shiga kwaɓi: fulawa, yis, gishiri da ruwa. Ni na ƙara na biyar.

Ga yadda aka yi. Masu tsiren da ke ɗaukar gurasarmu zuwa Kaduna da Abuja sun yi ta ƙorafi cewa kafin kwana biyu ta bushe, sai dai a karya ta. Ɗaya bayan ɗaya suka fara janyewa. Rannan na je sayen fulawa wajen Alhaji Jibrin, ina ta mita, sai ya nuna mini wani farin gari mai santsi a hannu. Ya ce garin laushi ne, masu burodi da masu kek duk da shi suke aiki, a kasuwa ma da lambarsa ake kiransa, ɗari huɗu da saba'in da ɗaya. Ya ce cokali ɗaya ya ishi mudu biyu. Rabin buhu ya rage masa, na ɗauke shi har da buhun. Da na zo gida na juye a bokitin roba mai murfi, na tura ƙarƙashin gadonki don kada wani ya tambaye ni. Buhun kuwa na takarda ne mai kauri, sai na riƙa yagarsa kaɗan-kaɗan ina hura kara da shi har ya ƙare.

Ba zan yi miki ƙarya ba, abin ya yi aiki. Gurasa ta kwana uku tana naɗuwa kamar ƙyalle. Masu tsire suka dawo, har da waɗanda ban sani ba. Ni kuwa ina ta fankama a raina, wai na fi Inna dabara.

Ran Larabar nan a Islamiyya, bayan an tashi, Hajiya Ummi maƙwabciyarmu ta kunna mana wani saƙon murya a wayarta. Wani mutum ne yake jero lambobin abubuwan da ake sa wa abinci, yana cewa wasu suna kashe ƙoda, wasu kuma kitsen alade ne tsurarsa. Mata suna ta salati. Ni ina ɗaure jakata, rabin kunne nake ba shi, sai na ji ya ce ɗari huɗu da saba'in da ɗaya. Inna, ban san yadda ƙafata ta kawo ni gida ba.

Ba cinikin ne ya dame ni ba, wallahi. Juma'a ce. Kin san tun rasuwar Baba, shekara goma sha ɗaya ke nan, gashin farko na ranar Juma'a ba ma sayar da shi. Guda arba'in ake ƙirgawa, Baban Safiya ya kai ƙofar masallacin da Baba ya yi ladanci, a raba, ladan ya isa kabarinsa. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Na zauna na ƙirga, Juma'a ashirin na yi ina zuba garin nan a gurasar Baba da hannuna, ina bismilla. In abin da mutumin nan ya faɗa gaskiya ne, me na riƙa aika wa mahaifina? Me na ciyar da masallata da sunansa? Kuma ke ma duk mako ita nake ba Sule direba ya kawo miki.

Tun ranar na daina sa shi. Ta jiya Juma'a irin taki na yi, abu huɗu cif. Amma ashirin ɗin can sun riga sun wuce, kuma abinci ya ƙi shiga cikina.

Ki yi mini faɗa yadda kika ga dama, na cancanta. Sai dai ki haɗa da addu'a. Ki gaida Yaya Lawal da iyalinsa.

'Yarki mai neman gafara,
Uwani


Sheshe, Kano
Laraba, 8 ga Mayu

Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, ina fata kin tashi lafiya kuma gwiwa ta yi sauƙi. Sule ya ce ya danƙa miki takardata hannu da hannu, kin sa ta a lalita ba ki ce komai ba. Shirunki ya fi faɗanki tsorata ni, shi ya sa na kasa jiran amsa na sake rubutowa.

Yau dai ina da rabin albishir. Kin tuna Amira, jikar Hajiya A'isha Balarabiya mai alkaki, wadda muka yi makarantar allo tare, kike ce mata sarkin tambaya? Yanzu malama ce a jami'a, can bayan Ƙofar Kabuga, kuma ilimin abinci take koyarwa. Shekaranjiya Litinin na ƙulla garin a leda na same ta a ofis. Ina shiga na fara kuka tun kafin mu gama gaisawa, har ta tashi ta rufe ƙofa.

Ba ta yi mini dariya ba, Allah ya saka mata. Ta murza garin a yatsa, ta sansana, ta ce ta san shi sarai. Emalsifaya ake ce wa irinsa. Ta ɗauko kwalba ta zuba ruwan ɗumi da man gyaɗa, ta girgiza, ta ajiye. Nan da nan man ya taso sama ya ware. Sai ta narka ɗan garin nan ta zuba, ta sake girgizawa, suka haɗe suka yi fari kamar nono, suka daɗe a haka. Ta ce aikinsa ke nan, sulhu tsakanin ruwa da mai. Ƙwanduwar ƙwai ma abin da take yi ke nan a kek. A gurasa da burodi kuma yana hana fulawa saurin ƙandarewa, shi ya sa take kwanaki da laushinta. Ta ce yana cikin bota da biskit da askirim ɗin da Safiya ke damuna a kansa.

Na tambaye ta maganar ƙoda. Ta ce mai saƙon muryar ya cakuɗa abu biyu ne. Akwai wani sinadari daban, buromet, wanda hukuma ta hana sa wa burodi tun tuni saboda illarsa. Wannan nawa ba shi ba ne. Daga mai ake yinsa, kuma in ya shiga ciki, jiki yana narka shi kamar yadda yake narka kowane mai. An yarda da shi a ƙasashen duniya, matuƙar ba a wuce awo ba, kuma cokalina ɗaya ga mudu biyu bai wuce ba. Ta ƙara da cewa masana suna nan suna bincike kan mutanen da abincin leda da na gwangwani ya zame musu tuwo, don haka ba ta ce a mai da shi gishiri ba. Amma in sa a raina ban cuci lafiyar kowa ba. Inna, na yi wata ajiyar zuciya da sai da takardun teburinta suka motsa.

Daga nan na tambayi ainihin abin da ya kawo ni. Nan fuskarta ta canja. Ta ce lambar nan tana faɗin irin abin ne kawai, ba ta faɗin daga inda aka samo shi. Yawanci daga man ja ko man waken suya ake yi, amma akwai masu yi da kitsen dabba, kuma dabbar tana iya zama kowace iri. In an gama sarrafa shi, ido ba ya bambancewa, kayan awon da suke da su ma ba za su bambance ba. Abu ɗaya ne ke faɗin gaskiya, rubutun jikin buhu. Sai ta ce in kawo mata buhun.

Buhun da na ƙona da hannuna, yanki-yanki, ina jin daɗin yadda yake kama wuta!

Daga can na wuce wajen Alhaji Jibrin, raina a ɓace, na shirya masa magana tun a mota. Sai ya kashe mini jiki da gaskiya. Ya ce tun bayan nan sau biyu ya canja dilan da ke kawo masa, buhunan ba iri ɗaya ba ne, kuma shi bai taɓa karanta jikinsu ba. Ya ce yana kyautata zaton mai kyau ne, amma ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Ya zazzage shagonsa kaf, babu ko ɗaya irin nawa. Na fito na rasa wanda zan yi fushi da shi sai kaina.

Baban Safiya yana ta ba ni baki, wai Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Na san haka ne. Amma ni na san dalilin da ya sa ban sani ba: ban tambaya ba, don kada a ba ni amsar da za ta raba ni da laushin nan. Wannan ne ke cin raina.

Bokitin yana nan ƙarƙashin gadonki, na kasa zubarwa, na kasa buɗewa. Don Allah ki ce wani abu, ko zagi ne. A gaida kowa da kowa.

Taki,
Uwani


Sheshe, Kano
Juma'a, 17 ga Mayu

Zuwa ga Innata, abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar da ban taɓa yi miki irinta ba. Yaya jiki, yaya gwiwa, yaya Yaya Lawal da yara? Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya bar mana ke. Mu nan lafiya ƙalau, kuma wannan karon da gaske nake, don jiya tuwo malmala biyu na tashi da shi, Safiya tana kallona tana dariya.

Alhamdu lillahi, Inna. Alhamdu lillahi. Gurasar Baba halal ce, duk ashirin ɗin. Amma bari in bi miki shi daki-daki, don ke ce kika warware shi daga Haɗeja ba tare da kin sani ba.

Ran Lahadi Sule ya kawo amsarki. Kin san ajaminki sai na bi shi da yatsa. Na zaci shafi uku na faɗa zan tarar, sai na ga layi kaɗan. Kin ce maganar gari kin bar wa masu ilimi, amma tambaya ɗaya kike da ita: buhun da na ƙona, babu rubutun Larabci a jikinsa? Domin in akwai kuma na cusa shi a wuta tare da kara da shara, to wannan ne faɗan da za ki yi mini, tunda ba haka kika rene ni ba.

Da farko har na ji haushi. Na ce ni ina cikin wane hali, Inna kuma tana ta takarda. Sai na tsaya cak a tsakar gida. Na ga kaina ranar da na kawo buhun, ina tsugune gaban tanderu, na kai hannu zan yaga, idona ya faɗa kan wasu layuka na Larabci a gefe ɗaya. Ban karanta ba, sauri nake, kwaɓi yana jirana. Hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba tun ina 'yar shekara biyar: ya yage wajen, ya ninke, ya kai tsagar bangon zaure. Ban ƙara tunawa da shi ba, kamar yadda mutum ba ya tuna ya cire takalmi a ƙofar ɗaki.

Na ruga zaure ko mayafi ban ɗauka ba. Kin san tsagar nan ta bayan ƙyaure, inda ku da Baba kuke cusa duk takardar da kuka tsinta mai harafin Larabci don kada a taka ta. Ban taɓa sanin zurfinta ya kai haka ba. Na ɗauko tsinken tsire na riƙa zaƙulowa a hankali saboda kunama. Inna, takardun shekara arba'in na fito da su daga bangon nan. Ga yagaggun kalanda, ga kwalin dabinon da Kawu ya kawo daga aikin hajji, ga fallayen littattafai da gara ta ci gefensu. Har da wata 'yar takarda da rubutun Baba, lokutan salla ya rubuta na wani watan azumi. Wannan kam sai da na zauna na yi kukana na share, sannan na ci gaba.

Tawa takardar tana kusa da baki, na ture ta ciki da tsinken ban lura ba, sai can ƙarshe ta faɗo. Takarda mai kauri, ruwan ƙasa, da shuɗin layi a gefe, har da ragowar farin garin a cikin ninkin. Na buɗe. Ga lambar nan ɓaro-ɓaro. A ƙasanta ga wani zagayayyen hatimi, a tsakiyarsa kalma ɗaya wadda ko ɗan da ya fara allo jiya zai karanta: halal.

Duk da haka ban yarda da idona ba, don na koyi darasi. Washegari na kai wa Amira. Ta karanta Larabcin da Turancin da ke ƙarƙashinsa, ta ce an rubuta ƙarara daga man ja aka yi shi zalla, babu kitsen kowace dabba. Ta duba sunan masu yin sa da hatimin a kwamfutarta, ta ce na gaske ne, daga Maleshiya yake, kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Na yi sujada a nan ofishinta, a kan siminti. Da na ɗago sai na ga ita ma tana goge ido, tana ce mini sarkin kuka. Ta sa na yi mata alkawari daga yau ba zan sayi abin da za a ci a ƙulle ba tare da na ga buhunsa ba, kuma in na saya in adana rubutun.

Ban tsaya nan ba. Na gaji da ɓoyo, shi ya jawo mini duk wannan. Na fito da bokitin daga ƙarƙashin gadonki na ajiye shi a fili kusa da buhun fulawa. Na kira masu tsire na faɗa musu abin da nake sawa, na nuna musu takardar. Na kai wa Hajiya Ummi ita ma, ta juya ta, ta juya ta, ta ce to ita dai tura mata aka yi. Na ce ni ma ai sayar mini aka yi, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ta ɗauki hotonta ta tura wa matan Islamiyya, tare da bayanin Amira cewa lamba kaɗai ba ta isa hukunci ba, a duba buhu.

Liman ma na aika Baban Safiya ya warware masa komai, tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya yi hamdala, ya yi wa Baba addu'a. Sannan ya ce dama yana son ya tambaya, me ya sami gurasar Ladan Juma'a biyun nan? Tsofaffin sahun gaba suna ta ƙorafi, wai da suna cinye ta nan take, yanzu sai sun kai gida an jiƙa musu. Ka ji mutanen da na yi mako biyu ina kuka saboda su!

Saboda haka yau da safe na yi gashin farko da garin, cokali ɗaya ga mudu biyu, da sanina da sanin kowa. Na ƙirga arba'in, na yi bismilla da babbar murya. Da na ga kwandon ya fita daga zaure, sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Saura layinki na ƙarshe, wanda na bari sai yanzu don shi ya fi taɓa ni. Kin ce tun makon farko kika gane na canja hannu, domin gurasar da za ta kwana a motar Sule ta iso Haɗeja tana naɗuwa ba taki ba ce. Kin ce kin yi shiru ne saboda shekara uku rabonki da cin gurasa ba a jiƙa miki a shayi ba, haƙoranki huɗu suka rage, kuma kin ji tsoron in kin tambaya zan daina. Kin ce in akwai laifin rashin tambaya, to mu biyu ne a ciki, kada in ɗauka ni kaɗai.

Inna, wata biyar ina ɓoye miki bokiti, ashe ke ma kina ɓoye mini haƙora. Da kin faɗa mini ba kya iya taunar gurasar da kika yi shekara arba'in kina gasa wa mutanen birni, da tuni na nemi dabara, ko da zan zagaye kasuwannin Kano a ƙafa.

Takardun bango duk na mayar da su yadda suke. Yankin buhun na sa shi kusa da rubutun Baba, wasiƙarki ta ajami kuma na ninke ta na sa a tsakaninsu. Na nuna wa Safiya wurin, na gaya mata abin da ake sawa a ciki da dalili.

Ga ƙunshi nan Sule zai ba ki, daga gashi na biyu na yau. Guda goma ne, duk masu laushi. Kada ki raba wa jikoki ki zauna da ɗaya, na aiko musu da tasu daban. Ki ci abinki a bushe, Inna, ba sai an kawo shayi ba.

Ki gaida Yaya Lawal da iyalinsa. Safiya da babanta suna gaishe ki da kyau. Allah ya jiƙan Baba, ya kai masa ladan, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce 'yarki,
Uwani